Dukkanmu ɗaya ne, amma ban da ɗiyata

Ɗan Ƙofar Rini: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi nan ko na samu sauƙi.

Akwai yaron da ya tashi a hannuna. Tun yana ɗan shekara 12 yake zama a shagona in an tashi makaranta, kuma ban taɓa kama shi da ko sisi ba. Ranar da gobara ta ci babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, shi ya kutsa cikin hayaƙi ya jawo mini ɗan abin da ya tsira. Ya gama Jami'ar Ɗanfodiyo, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana koyarwa a wata sakandare. Mahaifinsa ya rasu, don haka da ya ga yarinya suka daidaita, ni da baffansa muka je nema masa.

Uban yarinyar ba baƙo ba ne a wurina. Mutumin sahun farko ne. Da kunnena na ji shi a wata walima yana jawo ayar nan ta Suratul Hujurat, cewa mafi daraja a wurin Allah shi ne wanda ya fi tsoronSa, har muryarsa na rawa. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce mu ba shi mako biyu ya yi bincike. Da wa'adi ya cika sai ga saƙo: Allah bai yi ba. Na bi ta bayan fage na tambayi amininsa ko an samu wani aibu ga yaron. Ya ce wallahi babu, kowa yabonsa yake. Abu guda ne: kakansa barunje ne, wato mahauci, a runji ya yi rayuwarsa.

To ni ba tambaya nake ko Alhajin nan Musulmi ne ba, Allah ya kiyashe ni. Abin da nake son sani, ayar da ya karanta ran nan, ya yarda da ita ko bai yarda ba?

Sarkin Tsokana: Ya yarda da ita mana, ga ɗiyan wasu.

Malam Na Mabera: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ba da ladan zumunci. Kafin a fara jifa, a tuna da Usama ɗan Zaidu, da ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen fama, ya ce don tsoron takobi ya faɗa. Annabi (SAW) ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya duba. Don haka abin da ke zuci ba mu da ƙofar shiga.

Amma hukuncin aikin a fili yake. A mazhabarmu ta Malikiyya, dacewar miji da mata ana duba ta ne ga addini da lafiyar jiki daga aibobin da ke ɓata aure, ba ga sana'ar kaka ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya kai babin aure ya ji wannan. Kuma Annabi da kansa ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu wanda aka 'yanta. Ya shawarci Faɗima 'yar Ƙaisu, Baƙuraisha, ta auri Usama. Ya ce wa Banu Bayada su aurar wa Abu Hindu, alhali sana'arsa ƙaho ce, wato wanzami a harshenmu. Uba yana da damar ya ƙi ba da ɗiyarsa, amma kada ya jingina ƙin ga addini.

Ɗalibi Daga Dundaye: Allah gafarta Malam, ina da ɗan ja. Na yarda ba ma tsaga zuciya, amma ai zuciya tana leƙowa da kanta. Mutum ya tsaya bakin gulbin Rima yana rantsuwa cewa kwalekwalen nan lafiyarsa lau, ku shiga, ku shiga. Sai aka ce to ga ɗanka ma zai haye, ya riƙe hannun yaron ya ce a'a, shi zai zagaya ta gada. Wa zai ƙara tambayarsa abin da ya yarda da shi? A ganina abin da mutum ya yarda da shi na haƙiƙa shi ne wanda yake ɗora dukiyarsa ko ɗiyansa a kai. Sauran duk karatu ne da ya haddace.

Malam Na Mabera: Misalinka ya yi kyau, amma ya yi tsauri. In muka bi ka, duk wanda ya yi saɓo bai yarda da wuta ba ke nan, kuma wannan hanya ce da ta halaka wasu tun zamanin sahabbai. Ka tuna Hanzala, da ya fito yana cewa shi ya zama munafuki, don in yana gaban Annabi kamar yana ganin aljanna da wuta ƙuru-ƙuru, in ya koma cikin iyali da gona sai ya shagala. Abubakar ya ce shi ma haka yake ji. Annabi bai ce musu munafukai ba. Akwai munafunci, akwai rauni. Mai shan taba ya san tana cin huhu, bai ƙaryata likita ba, ya dai kasa.

Ɗalibi Daga Dundaye: Mai shan taba yana jin kunya, Malam, yana cewa a yi masa addu'a ya bari. Shi Alhajin nan yana jin ya yi laifi? Ko cewa zai yi ya tsare mutuncin gidansa?

Malam Na Mabera: To nan kam ka kama ni. In bai jin komai a ransa, ba rauni ba ne. Sai dai mu ce wani abu ne na uku: magana ce da ya gada a baki, bai taɓa kai ta zuci ya auna ba. Alƙur'ani ya ambaci irin wannan a surar da ya karanta ɗin ma, inda Larabawan ƙauye suka ce sun yi imani, aka ce musu su dai ce sun miƙa wuya, imani bai shiga zukatansu ba tukuna. Ba ina ɗora ayar a kansa ba ne, ina nuna cewa harshe yakan riga zuciya isa.

Barunje Ɗan Barunje: Na daɗe ina karatu ban ce uffan ba, amma yau an zo gidanmu. Ni barunje ne, ubana barunje, kakana barunje, kuma ba na sunkuyar da kai. 

Abin da ke ba ni dariya shi ne, ran da aka haifi yarinyar nan, wa aka kira da asuba ya feɗe ragon sunanta? Ran Babbar Sallah, wa ake bi da waya ana ranka ya daɗe don Allah ka fara da gidana? Mutum ya yarda da hannuna a kan abin da zai shiga cikinsa da cikin iyalinsa, ya yarda na ambaci sunan Allah bai gani ba, bai taɓa tambayata shaida ba. Amma a ce jikana ya zauna a tabarma guda da jikarsa, sai a tuna da jini da ƙarni.

Ni an yi mini irin wannan shekara 19 da suka wuce. Ba a ce mini komai ba, aka dai ce an riga an yi mata miji. Wata takwas bayan nan tana nan gida ba miji. Da mutumin ya fito ya ce mini kai barunje ne ba na ba ka, wallahi da na fi ganin girmansa. Abin da ya fi ciwo shi ne har ya mutu muna sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, yana jawo ni yana cewa a toshe kafar Shaiɗan.

Sarkin Tsokana: Kafar Shaiɗan a sahu kawai take, ba ta kai zaure ba.

Hajiya Ta Arkilla: Ku yi haƙuri, ni zan tsaya wa Alhajin nan ko da ni kaɗai ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku maza kuna ganin aure ran ɗaurin aure ne, a raba goro a watse. Mu muka san abin da ke biyo baya. Yarinyar nan za ta je biki cikin danginta a yi mata habaici. 'Ya'yan da za ta haifa za su yi faɗa da 'ya'yan 'yan uwanta a ce musu ɗiyan rundawa. In sun girma su ma a hana su aure. Uba ya hango duk wannan ya ce ba zai jefa ɗiyarsa ciki ba, sai a ce bai yarda da Alƙur'ani ba? Yana iya yarda ɗari bisa ɗari cewa yaron ya fi shi a wurin Allah, amma ya san ba a lahira za a yi zaman auren ba, a Sakkwato za a yi shi.

Maman Walida: Yaya Hajiya, gaskiya kika faɗa, amma gaskiyar taki ce ta fi ba ni tsoro. Su wa ke yin habaicin? Mu ne. Mu da ke cika Islamiyya da safe, mu ne da yamma muke tambayar su wane ne danginsa. Kowa ya ce shi ba ya ƙyama, mutane ne ke ƙyama. To in ka tara mu duka masu cewa mutane ne, wa ya rage ya zama mutanen?

Ni abin da na fahimta, Alhajin ya yarda da ayar, amma akwai abin da ya fi yarda da shi, wato gorin dangi. Gori yau za a yi masa, hisabi kuwa yana ganin da saura.

Kuma ba a nan kaɗai muke haka ba. Duk taron da aka yi a garin nan sai an ambaci Nana Asma'u da 'Yan Taru, a ce mu ne jikokinta. Matar da ta rasu tun 1864, ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Amma maƙwabcina da ya fi kowa yi mini wannan tarihin ya cire ɗiyarsa daga aji uku na ƙaramar sakandare, kuma shi ne ran da matarsa ke naƙuda ya tayar da jijiyar wuya a asibiti wai sai likita mace.

Hajiya Ta Arkilla: Ƙanwata, ban ce daidai ne ba. Na ce kada a ɗora wa mutum ɗaya kayan gari guda.

Sarkin Tsokana: Tunda an buɗe faifai bari in zuba nawa. A Fabrairun 2023 da takardar naira ta yi ɓatan dabo, wa ya sayar mana da kuɗinmu? Ba Yahudawa ba ne, masu tabon sallah ne da suka san babin riba da ka. Gero da masara da ake kullewa a sito tun kaka sai azumi ya kama a fito da su, arna ne ke yi? Muna cewa arziki na Allah ne, amma a ɗaga tabarmar shago a ga abin da aka binne a ƙasa. Muna tsine wa 'yan siyasa shekara huɗu, ran zaɓe a ba mu taliya da atamfa mu ce Allah ya maimaita. Ni fa na daina mamaki.

Mai Kula Da Zaure: Sarki, a bar siyasa a waje don Allah, mun san inda take kai mu. A koma kan maganar Alhaji.

Baffa Tsoho: Ɗiyana, ku saurara kaɗan. Jikana ka rubuta min, ni ka faɗi. Abin ga da kuka gani ba yau ya faro ba, kuma ba ga ƙananan mutane ɗai ba.

Shehu ya yi hijira zuwa Gudu 1804, jama'a sunka bi shi don addini, anka sha wuya, anka sha yunwa. To tun ba a ci Alƙalawa ba, wadda anka ci 1808, ƙanensa Malam Abdullahi ya duba jama'ar ya ga abin da bai gamshe shi ba. Mutanen da sunka fito da kalmar Allah a baki, ga su sun koma neman sarauta da ƙwaraƙwarai da manyan riguna da dawakin hawa cikin gari. Shi da kansa ya rubuta wanga kuka cikin Tazyinul Waraƙati. Rai nai ya ɓaci har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka. Kano anka tare shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, kana ya komo. Ku duba fa, Shehu na raye, ana ganinai da ido. Sa'ad da babu komi, kowa mai gaskiya ne. Da ganima ta zo anka san wa ya fito don Allah.

Kai kuma Barunje, ɗana, ka riƙe wagga. Cikin abubuwan da Shehu ya lissafa na zaluncin sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, har da tawasa, naman da ake karɓe wa mahauta ran kasuwa. Ke nan kukan kakanninka na cikin abin da anka yi jihadi a kai. Yau ga mu muna zuwa Hubbare muna shafa addu'a, mu komo gida mu ce jikan barunje bai isa ba.

Barunje Ɗan Barunje: Allah ya ƙara wa Baffa lafiya. Wannan ban taɓa ji ba, kuma yau zan gaya wa yarana.

Ɗalibi Daga Dundaye: Maganar Baffa ta sa na sassauta. Wataƙila waɗancan mutanen ran da suka bar gidajensu ba ƙarya suke yi ba, har ransu suna jin don Allah suka fito. Su kansu ba su san akwai wani abu kwance a ƙasa ba sai da dukiya ta taɓa shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma ina jin shi kansa macin bai san kansa ba sai ran nan. Ke nan Alhajin da muryarsa ta yi rawa a walima yana iya zama da gaske yake a lokacin, don ran nan babu wanda ya zo neman ɗiyarsa.

Maman Walida: To tunda haka ne, ina da tambaya ga mai kawo magana, kuma don Allah Alhaji kada ka ji haushi. Ka ce yaron a hannunka ya tashi, ka yabi amanarsa, ya shiga wuta dominka. Bara ka sanya mana hoton walimar saukar ɗiyarka ta fari a zauren nan, muka yi ta barka. In bai samu waccan ba, kai ka ba shi taka mana.

Sarkin Tsokana: Tirƙashi. Jama'a a matso da kujeru.

Malam Na Mabera: A yi a hankali. Ba a tilasta wa mutum kyauta a bainar jama'a, kuma ita yarinyar tana da bakinta, shi ma yaron zuciyarsa na wani wuri.

Maman Walida: Allah gafarta Malam, ban ce a ɗaura gobe ba. Tambaya ce irin wadda shi ya yi a kan wani.

Sarkin Tsokana: Alhaji ya karanta fa, alama ta nuna. Awa uku ke nan shiru. Ko cajin waya ya ƙare?

Hajiya Ta Arkilla: Ku ƙyale bawan Allah. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa.

Ɗan Ƙofar Rini: Salamu alaikum. Caji bai ƙare ba, ni ne na ajiye wayar jiya ban sake ɗauka ba sai yanzu bayan Asuba.

Maman Walida, ban ji haushi ba, amma kin hana ni barci. Na rubuta "me zai hana" har sau biyu ina gogewa, don na san in na tura ƙarya na yi. Gaskiyar ita ce da na karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kuma ba yaron na tuna ba, ba ɗiyata na tuna ba. Fuskar Innata na gani, da ta gwaggona, da yadda za su dube ni. Shekara 16 yaron nan yana shiga gidana har ɗakin girki, yana cin abinci kwano ɗaya da 'ya'yana, ban taɓa kawo wannan tunanin a raina ba ko sau ɗaya. Da na tambayi kaina dalili, sai na ga ashe ban taɓa ƙin sa ba ne don ban taɓa lissafa shi cikin waɗanda za a iya ba. Na ɗauki ƙafa na je gidan wani ina jin zafin an hana shi, alhali ni ban ma kai inda Alhajin ya kai ba, shi ko ba komai ya yi mako biyu yana tunani.

Da dare na gwada uwargida, na ce mata a misali, in da yaron nan ɗiyarmu ya gani fa? Ta yi shiru, ta ce ita ba ta da ja, yaro ne na kirki, kuma in yarinya na so shi ke nan. Sannan ta ce amma kafin in ƙara tambayarta misali, in fara zuwa cikin gari in yi wa Inna wannan misalin.

Barunje Ɗan Barunje: Alhaji, ka fi wanda ya ce mini an riga an yi mata miji.

Baffa Tsoho: Kai dai ka koma wurin uban yarinyar can, kai da Malam, ku yi mai magana da taushi. Yanzu ka san abin da ka cin shi, ba ka zuwa da faɗa.

Malam Na Mabera: In Alhaji ya shirya, ina nan bayan La'asar ranar Asabar.

Ɗan Ƙofar Rini: Allah ya kai mu, Malam. Zan biyo in ɗauke ka.

Maman Walida: Wurin Inna fa?

Ɗan Ƙofar Rini: Ban je ba tukuna.

Sarkin Tsokana: Daga shagonka zuwa gidan Inna ko kabu-kabu ba ka buƙata, Alhaji. In takalmi ne matsalar ina da aro.